Makullin da Ba a Murɗawa

Bahaushe yana da kalmomi biyu na kiran ƙarfen da ake rufe ƙofa da buɗe ta da shi: makulli da mabuɗi. Ƙirarsu ɗaya ce, ɗafin "ma-" a goshi, wasalin "-i" a ƙeya, saiwar aikatau a tsakiya, kamar yadda aka samu madubi daga duba, magirbi daga girba. Ɗaya ya ɗauko sunansa daga kullewa, ɗayan daga buɗewa, kuma ko wanne aka furta, hoto guda ne yake zuwa a zuci: ƙarfe mai haƙora da za a zura a kafa, a murɗa. Shekara da shekaru haka makullin mota yake. Amma yanzu a titunan Maraɗi da Damagaram da Yamai ana ganin motoci da dama waɗanda makullinsu ba ya shiga ko'ina. Ɗan ƙoƙo ne na roba da bai fi kwalin ashana ba, yana kwance a aljihu, direba ya taka birki, ya danna madanni, inji ya tashi. Suna ya zauna inda yake, abin da ake kira da sunan ya sauya ɗungurungum, kuma ba a cika lura da haka ba sai ranar da mota ta rubuta a allonta cewa ba ta ga makulli ba, alhali yana tafin hannun direba.

Akwai wani dattijon direba a Maraɗi da ya shafe fiye da shekara 30 a bisa hanya. Da yaron mota ya fara, yana ɗaure kaya yana sa weji, har ubangidansa ya danƙa masa sitiyarin wata Peugeot 504, irin wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. A kanta ya koyi duk abin da ya sani. Idan ta ƙi tashi, tambayoyi biyu yake yi mata, kuma ba ya sauya jerinsu: akwai mai? akwai wuta? Ya zare tiyo ya ga ko fetur yana isa kafireta. Ya zare wayar fulogi ya kusanta ta da jikin inji, yaro ya murɗa makulli, ya duba ko tartsatsi zai fito. In batir ne ya yi sanyi, a sa giya ta biyu, a taka kuloci, samari huɗu su tura, a saki ƙafa, sai ta yi tari ta kama. Abokan aikinsa sun san shi da cewa bai taɓa kwana a daji saboda mota ba, shi ma da wannan yake tinƙaho a ransa, ko da yake bai cika faɗa ba.

Da ƙarfi ya fara ja da baya, sai ya bar tasha ya kama aiki a gidan wani ɗan kasuwa, yana tuƙa iyali. Motar gidan ta hannu ce, daga Amurka aka sayo ta, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, aka koro ta ta Malanbil da Gaya, kamar dubban ƴan'uwanta a shekarun baya. Da kanta take sauya giya, ba ta da kuloci, kuma makulli ɗaya tak ta zo da shi, na dannawa. Ya tuƙa ta shekara guda ba ta taɓa ba shi kunya ba, amma bai saki jiki da ita ba. In ya buɗe bakinta, murfin roba yake gani ya lulluɓe komai, babu kafireta, babu wayar da zai zare ya gane wani abu. Yakan ce tsohuwar motarsa in ba ta da lafiya takan faɗa, wannan kuwa zurfin ciki gare ta.

Wata rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin bazara yake haura digiri 40, maigida ya tura shi Damagaram da mahaifiyarsa, tare da wata jikarta mai rakiya. Washegari da safe za a yi wa tsohuwar aikin yanar ido, kuma dole ta isa asibiti da yammacin nan a rubuta sunanta. Sun isa Tasawa, kusan tsakiyar hanya, ana kiran azahar. Ya tsaya gefen masallaci, suka fito, ya taɓa hannun ƙofa mota ta kulle. Bayan an sallame ya dawo ya kama hannun ƙofar kamar kullum, ba ta buɗe ba. Ya ciro makulli ya danna, shiru. Ya matso, ya ja baya, ya ɗaga shi sama, ya bubbuga shi a tafin hannu, shiru. Takardun asibiti suna ciki, maganin ɗigawa na Hajiya yana ciki, gorar ruwa tana ciki, rana kuma tana dukan rufin.

Kafin a ce me, mutane sun taru, domin mota mai tsada da ta ƙi buɗuwa abin kallo ce. Wani ya ce a nemo waya a zura ta gefen gilashi, wani ya ce in an buɗe sai a tura. Aka kira wani mai gyaran wutar mota da ke da rumfa a bakin titi. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce, "Baba, kwamfutarta ce ta rikice. A fasa ƙaramin gilashin baya, in shiga in yi mata haɗin kai-tsaye, kafin la'asar kun kama hanya." Da gaskiyarsa ya faɗa, domin abin da ya iya ke nan, kuma a kan tsofaffin motoci yana ci. Direba ya je inda tsohuwa take zaune a kan tabarma a gindin dogon-yaro, ya durƙusa ya gaya mata halin da ake ciki. Ta ce, "Ɗan nan, motar ɗana ce, amma a hannunka aka sa ta. Abin da ka gani shi za a yi." Maganar ƙara masa nauyi ta yi. In ya bari aka yanka wayoyi mota ta lalace, ya tozarta amana. In ya hana suka kwana a Tasawa, aikin idon ya wuce, kuma Allah kaɗai ya san ranar da layi zai sake zagayowa.

Kafin a ji abin da ya yanke, yana da kyau a san abin da ke gudana tsakanin irin wannan mota da makullinta, domin a nan ne kan zancen yake. Sallama ce da amsawa. A hannayen ƙofofi, da cikin ɗakin mota, da wajen but, an ɓoye ƙananan eriyoyi masu fitar da kira a kan wani zangon rediyo na ƙasa, wajen kilohaz 125 ko 134, kiran da ba ya wuce taku ɗaya ko biyu. Da an taɓa hannun ƙofa ko madannin tayar da inji, sai mota ta yi kira, tamkar tana cewa wa ke nan. Makullin da ke kusa ya farka, ya amsa a kan wani zango dabam, megahaz 315 a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, ko wajen 433 a na Turai. Amsar kuwa lissafi ce. Mota takan jefa masa lamba, shi ya sarrafa ta da wani sirri da su biyu kaɗai suka sani, ya mayar. In ta yi daidai, na'urar hana sata ta ba da hanya, kwamfutar inji ta yarda ta saki mai da wuta. Duk wannan yana ƙarewa kafin ƙiftawa da bismilla.

Abin ya zo ne hawa-hawa. Renault Fuego ta Faransa ce ta fara fitowa da rimot na buɗe ƙofa a 1982. A 1998 Jamus da Ingila suka wajabta sa na'urar hana sata a kowace sabuwar mota, saboda ɓarayi sun ƙware wajen tayar da inji ta hanyar haɗa wayoyi. A ƙarshen shekarun 1990 kuma kamfanin Mercedes-Benz ya fito da makullin da ba a ciro shi daga aljihu, a babbar motarsa S-Class. Ke nan haɗin kai-tsayen da mai rumfa ya ba da shawara a yi shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiro na'urar don ta hana. Ko an haɗa wayoyi kik ya juya inji, mai ba zai zo ba, tartsatsi ba zai fito ba. Turi ma ba shi da amfani, domin motar da ke sauya giya da kanta ruwan giya ne yake sada injinta da tayoyi, famfon da ke matsa ruwan kuwa sai inji yana juyawa yake aiki.

Saboda haka rubutun da ke fitowa a allo bai ce makulli ya lalace ba, bai kuma ce kwamfuta ta mutu ba. Iyakar abin da ya ce shi ne an yi sallama ba a ji amsa ba. Mutumin da ya yi sallama a ƙofar gida ya ji shiru yana da zato da yawa kafin ya kai ga mummuna: ko muryarsa ce ba ta kai ba, ko na ciki ya amsa da muryar da ta dushe, ko hayaniyar unguwa ce ta danne amsar, ko kuma wanda ya amsa baƙo ne da bai san muryarsa ba. Mai hankali ba ya farawa da haura katanga. Waɗannan zato huɗu su ne kuma na mota: batirinta ya yi rauni, ko batirin makulli ya ƙare, ko wani abu yana katse zangon da suke magana a kai, ko makullin ba wanda ta sani ba ne.

Dattijon bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma ya san abu guda da hanya ta koya masa: ba a fara gyara da abin da ba a iya mayarwa. Ya roƙi mai rumfa ya dakata, ya kira wani makaniki a Maraɗi da ya saba kai motar wajensa juyen baƙin mai, saurayi da ya yi koyon aiki a kan irin waɗannan motoci. Saurayin bai yi gaggawar faɗin sunan cuta ba, tambayoyi ya shiga jerowa.

"Baba, juya makullin ka duba gefensa ko bayansa. Akwai wata ƴar sakata?"

"Akwai."

"To tura ta, ka ja ƙarfen da ke sama."

Sai ga makulli na ainihi, siriri mai haƙora, ya zaro daga cikin robar kamar wuƙa daga kube. Shekara guda yana yawo da shi a aljihu bai sani ba. Kafarsa tana nan a hannun ƙofar direba. A wasu motoci a fili take, a wasu an rufe ta da ɗan murfin roba da ake ɓamɓarewa da bakin ƙarfen. Ya zura ya murɗa, ƙofa ta buɗe. Yarinya ta kwashe takardu da magani da ruwa ta kai wa kakarta. Rabin tashin hankali ya kau, ba a fasa komai ba.

Ya zauna, ya taka birki, ya danna madanni. Allo ya kawo rubutu, inji bai motsa ba.

"Kada ka damu, Baba. Fitilar rufi ta kama da haske, ko ja-ja take?"

"Da haske."

"Danna hon in ji."

Hon ya yi kuwwa har awakin da ke kwance a inuwar bango suka miƙe. Saurayin ya ce batirin mota lafiyarsa lau. Ya tambaya ko giya tana kan harafin P, aka ce tana kai. Ya ce a taka birki da ƙarfi, a sa yaro ya duba jar wutar baya. Mai rumfa da kansa ya zagaya ya duba, ya ce ta kama.

"Madalla. Yanzu bar ƙafarka a kan birki, ka manna bayan makullin a jikin madannin, ka saurara."

Wata ƴar ƙara ta fito. Ya danna, inji ya tashi.

Babu tsafi a ciki. A bayan madannin akwai naɗin waya mai fitar da ƙarfin maganaɗisu, a cikin makullin kuma akwai ƴar ƙwayar lantarki da ba ta jiran batir. In an kusanta su sosai, sai ta ari wuta daga motar ta amsa sallamar, kamar mara lafiyar da muryarsa ta tafi amma in an kai kunne bakinsa a ji raɗarsa. Masu ƙera motocin sun san batirin makulli zai ƙare wata rana, shi ya sa suka bar wannan ƙofa. Ba a kowace mota wurin yake a madanni ba. A wata rami ne a allon gaba da ake cusa makullin, a wata cikin akwatin da ke tsakanin kujeru, a wata gefen sitiyari. Littafin motar ne yake faɗin inda yake.

Sun isa Damagaram kafin a tashi daga aiki, aka rubuta sunan Hajiya. Da yamma direba ya je wurin wani mai gyaran agogo, aka ɓare makullin aka sauya masa batir da ƴan daloli. Ɗan faifai ne kamar tsabar kuɗi, kuma sunansa da ke rubuce a gadon bayansa bayani ne ga wanda ya iya karantawa. A CR2032, wanda ya fi yawa a makullan motoci, 20 na nufin faɗinsa milimita 20, 32 kuma kaurinsa milimita 3.2. Ƙarfinsa bolt 3 ne. Akwai ƙanensa CR2025, faɗinsu ɗaya amma ya fi shi sirantaka, wanda in aka sa shi a gurbin babban yakan yi rawa a ciki, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Irin wannan batir yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu, kuma yana saurin ƙarewa in makulli yana kwana kusa da talabijin ko kwamfuta ko abin cajin waya, domin yakan yi ta farkawa yana zaton mota ce ke kira. Tsohon da aka cire kuma ba a yar da shi inda yara suke, domin in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙoshi cikin awa biyu.

Abin da ya fi tsaya wa dattijon a rai daga baya ya ji shi. Rubutun da ya yi makonni yana gani duk lokacin da ya kashe mota, yana ɗauka ban kwana ne irin na na'ura, gargaɗi ne cewa batirin makulli ya kusa ƙarewa. Ashe motar ba ta da zurfin ciki. Ta faɗa, amma da Ingilishi ta faɗa, shi kuwa Hausa yake karantawa, da boko da ajami, sai ɗan Faransancin alamomin hanya.

Ba kullum lamarin yake zuwa da sauƙi haka ba. Da fitilar rufi ta yi ja-ja, ko hon ya fito a shaƙe, da zargi ya koma kan batirin mota. Cikakken batir yakan nuna wajen bolt 12.6 in inji yana kashe, 12.2 alamar rabi ce, ƙasa da 12 kuwa ya yi rauni. Mota mai raunin batir takan yi sambatu: allo ya riƙa ƙyaftawa, a ji ƙas-ƙas maimakon juyawar inji, saƙonni su yi ta fitowa barkatai, har da na rashin ganin makulli. Zafin Sahel yana rage wa batir kwana, hanya mai gargada tana sassauta kawunansa, farin gari ko kore yana taruwa a kansu ya hana wuta wucewa. Sau da yawa kankarewa da ɗaurewa sun isa. In kuma sai an aro wuta daga wata mota, a kula da ja da baƙi, domin juya su yana ƙona fiyus, wani lokaci har abin da ya fi fiyus tsada. Akwai wata tsohuwar al'ada ta tayar da mota da batirin aro, a zare shi inji yana aiki, a mayar da nata. Motar kafireta takan jure wannan, motar kwamfuta tana iya tafiya a kansa.

Da jar wutar baya ta ƙi kamawa, da ɗan makunnin da ke saman fedar birki ne abin tuhuma, ko fiyus ɗinsa. Mota ba ta yarda ta tashi sai ta tabbata ƙafa tana kan birki, kuma ta bakin wannan makunni take sani. In an yi ta taka birki inji yana kashe, fedar takan yi tauri har ta ƙi sauka inda za ta taɓa shi, sai an taka da ƙarfi. Haka nan in an ajiye mota tayoyi a karkace sun tokare da dutse ko bakin kwata, sakatar sitiyari takan cije, maganinta kuwa a riƙa motsa sitiyari hagu da dama ana danna madanni.

Hayaniya ma tana da nata. Kusa da turken watsa shirye-shiryen rediyo ko talabijin, ko tashar wutar lantarki, ko filin jirgin sama, amsar makulli tana iya nitsewa. Wayar hannu a aljihu ɗaya da shi, ko gwangwanin ƙarfe, ko tarin tsabar kuɗi, suna iya tare shi. Har abin cajin waya mai araha da aka soka a mota yakan yi wannan ɓarna. A raba makulli da waya, a zare abin caji, a sake gwadawa. Wasu makullan Toyota kuma suna da yanayin barci don tattalin batir, wanda ake shiga in an riƙe madannin kullewa aka danna na buɗewa sau biyu. Yaro mai wasa da makulli yana iya sa shi barci ba da sani ba, kuma danna ko wane madanni a jikinsa yana tashe shi. Sai ruwa: makullin da ya faɗa buta wajen alwala, ko aka wanke shi cikin aljihun riga, a ɓare shi nan take, a cire batir, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar.

Zato na huɗu, na baƙuwar murya, shi ne ya fi cin kuɗi a ƙasashen da motoci suke shigowa daga gabas da yamma. Mutum ya sayi makulli a kasuwa, kamarsa ɗaya da nasa har tambari, amma na motar Turai ne, tasa kuwa ta Amurka ce, zangonsu ba ɗaya ba. Ko zango ya dace, sai an gabatar da sabon makulli ga mota da na'ura kafin ta san shi, kuma wanda ya riga ya zauna da wata mota sau da yawa ba ya karɓuwa sai an goge shi. Matuƙar akwai makulli ɗaya mai aiki, ƙara na biyu aiki ne mai sauƙi. Ranar da wannan ɗayan ya ɓata, sai an nemo ƙwararre ya sake tsara na'urar hana sata, ko a sauya ta gaba ɗaya, kuɗin kuma ya ninka. Mai sayen mota ta hannu da ya karɓi makulli ɗaya bai tambayi na biyu ba, bashi ya ɗauka wanda bai san ranar biyansa ba. Akwai kuma wani tarko: inji da ya riga ya tashi ba ya mutuwa don makulli ya yi nisa. Direba yana iya sauke maigida a tasha makulli yana aljihun maigidan, mota ta yi ƴar ƙara ba a kula ba, ya yi tafiyarsa, sai inda ya kashe ta sannan ya gane.

Sai an bi duk waɗannan ba a dace ba ake maganar eriya da ta mutu, ko waya da ɓera ya ci, ko kwamfuta. A nan ma ba da almakashi ake farawa ba. A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai ƙusoshi 16, wadda aka wajabta wa motocin Amurka tun 1996, inda ake soka na'urar bincike mota ta faɗi abin da ke damunta da lambobi. Wayar da aka yanka bisa zato kuwa takan haifi cuta ta biyu a kan ta farko, har ƙwararren da zai zo daga baya ya rasa wadda zai fara bi.

In aka duba jerin nan daga farko zuwa ƙarshe, za a ga tsari ɗaya yake bi: daga mai araha zuwa mai tsada, daga abin da ke hannu zuwa abin da ke ɓoye, daga abin da ake iya mayarwa zuwa wanda in an yi an yi ke nan. Tsarin tsofaffin direbobi ne, waɗanda ba sa sauke inji kafin su leƙa tanki. Dabarun hannunsu da yawa sun tafi tare da kafireta, amma tambayoyinsu biyu suna nan, sai dai an sa wata a gabansu. Kafin a ce akwai mai, akwai wuta, yanzu sai an fara cewa: ta ji amsar sallamarta?

Abin da ya rage shi ne harshe. A gareji wasu suna cewa rimot, wasu makulli, wasu suna aron kalmar Faransanci ko ta Ingilishi gwargwadon ɓangaren iyakar da suke, kuma duk ana fahimtar juna. Inda giɓin yake shi ne tsakanin allon mota da idon direba. Saƙonnin da irin wannan mota take rubutawa game da makulli ba su da yawa: ba a ga makulli ba, batirin makulli ya yi rauni, taka birki kafin ka danna, mayar da giya kan P, manna makulli a jikin madanni, an bar makulli a cikin mota, sitiyari ya cije. Ɗalibin Hausa da ya zauna da makaniki yini ɗaya yana iya mayar da su Hausar da direba zai gane, ya jera kowane kusa da asalinsa na Ingilishi da na Faransanci, da boko da ajami, a rabin takarda. Wurin ajiye takardar shi ne akwatin gaban mota, tare da sabon batirin makulli guda ɗaya a cikin ledarsa.